Tambaya da Amsa: Kifin Shak da Yadda Ake Ƙayyade Kamun Kifi a Teku

Wasiƙun wannan fitowar sun karkata ga teku, musamman kifin shak da dokokin da ake kafawa don kada ya ƙare. Masana harkar kamun kifi da halittun ruwa da ke kula da wannan shafi ne suka amsa.

Tambaya: Mu nan Damagaram ko babban kogi ba mu da shi, balle teku. Me ya haɗa mu da kare kifin da aka ce yana cin mutane? (Wani mai karatu daga Damagaram)

Amsa: Malam, zaro takardar jikka daga aljihunka ka duba tambarin babban bankin da ya buga ta. Siffar nan mai dogon baki da haƙora gefe da gefe ta kifi mai zarto ce, ɗan'uwan shak. A da yana da yawa a bakin kogunan Afirka ta Yamma. Yau masunci zai tsufa a gaɓar teku bai ga ko ɗaya ba, domin zarton nasa yana sarƙewa a kowace irin raga, kuma ba ya haihuwa da yawa. Tun 2007 aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe, amma an makara a wurare da dama.

Akwai na kusa ma. Kunamar ruwa, kifin nan mai faɗi kamar faifai da ƙaya mai dafi a wutsiya, wanda masuntan Binuwai da Kwara suka sani, dangin shak ne. Daga Garwa ta Kamaru masana suka fara bayaninsa a 1962, kuma yanzu yana cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa.

Batun cin mutane kuwa, an zuzuta shi. Nau'in shak ya haura 500, mafi yawansu ba su taɓa cizon kowa ba, wasu ma tsawonsu bai kai kamu ɗaya ba. Gidan tarihin Jami'ar Florida da ke tattara wannan lissafi ya rubuta cizo 69 da ba tsokanar kifin aka yi ba a duniya baki ɗaya a 2023, mutum 10 suka rasu, kuma wannan shekara ce da aka ɗauka ta yi muni. Shak ɗin da mutane ke kashewa a shekara kuwa ana ƙiyasta shi tsakanin miliyan 80 zuwa 100. Wani bincike na 2021 ya nuna shak da danginsa na tsakiyar teku sun ragu da kashi 71 cikin 100 tun daga 1970, wani kuma a shekarar ya gano kusan kashi ɗaya cikin uku na dukan nau'o'in suna fuskantar ƙarewa.

Manyan shak su ne ke saman jerin masu farauta a teku. A wani yanki na yammacin Ostareliya an ga yadda tsoron shak ke hana kunkurun teku da ayu zama wuri ɗaya su cinye ciyawar ƙarƙashin ruwa, ciyawar da ƙananan kifaye ke girma a cikinta. Sannan hanyar da ake bi a ƙayyade kamun shak ita ce dai ake bi wa titus da shawa da kote, kifin ƙanƙarar da ake sayarwa a kasuwanninmu.

Tambaya: Ina kiwon tarwada. Uwa ɗaya tana ba ni dubban ƙwayaye. Ta yaya za a ce kifi zai ƙare a teku mai wannan faɗi? (Wani mai kiwon kifi daga Zariya)

Amsa: Alhaji, a nan ne tushen maganar yake. Tarwadarka tana isa haihuwa cikin shekara guda, ta zubar da dubun dubatar ƙwayaye. Sardin na teku ma haka yake, shi ya sa idan aka ɗaga masa ƙafa na 'yan shekaru, ruwa kuma ya yi kyau, yakan farfaɗo.

Shak ba haka yake ba. Jikinsa guringuntsi ne ba ƙashi ba, kuma mafi yawan nau'o'insa ciki suke ɗauka su haifi 'ya'ya masu rai. Ɗauki wanda ake kira mako mai gajeren fiffike a arewacin Tekun Atilantika: macen ba ta fara haihuwa sai ta kai wajen shekara 18 ko fiye, cikinta yana ɗaukar wata 15 zuwa 18, ta haifi 4 zuwa 25, sannan ta huta, ba za ta sake ba sai bayan kamar shekara uku. Akwai wani ƙaramin shak mai ƙaya a baya wanda cikinsa ke kusan shekara biyu. Na ruwan sanyi da ke kusa da Girinlan an auna shekarunsa an ga yana haura 270, kuma ba ya balaga sai wajen 150. Lissafin shak lissafin garken shanu ne: wanda ya riƙa yanka karsana da saniya mai ciki, ba zai ga illar a bana ba, sai ranar da ya duba garke bai ga maruƙa ba.

Abin da ya faru da shak ɗin mako ke nan. Jiragen kamun tuna sun shafe shekaru suna kama ƙananan da ba su balaga ba. A 2019 masanan hukumar ICCAT, wadda ke kula da kamun tuna a Atilantika, suka ce ko an daina kama shi gaba ɗaya, yawansa zai ci gaba da raguwa har wajen 2035, saboda iyayen da ya kamata su haihu a waɗannan shekarun an riga an kama su tun suna ƙanana. Sai a Nuwamban 2021 ƙasashe suka amince a hana riƙe shi a jirgi a arewacin tekun.

Ba duka suke haka ba. Shuɗin shak yana balaga cikin shekara 4 zuwa 6, yana haifar 30 ko fiye, don haka yana jure kamu fiye da sauran. Saboda wannan bambancin ne doka ɗaya ba ta isar dukan shak. Kowane nau'i sai an yi masa nasa lissafin.

Tambaya: Ana yawan cewa a bi shawarar masana kimiyya. Ta yaya ake ƙidaya kifin da ke ƙarƙashin ruwa? (Wata ɗaliba daga Sakkwato)

Amsa: Malama, ba a ƙidaya shi ɗaya bayan ɗaya, ƙiyasi ake yi, kuma aikin daga bakin ruwa yake farawa, da tef ɗin awo da sikeli da littafi.

Mai ɗaukar bayani yakan tsaya inda ake sauke kifi. Duk shak ɗin da aka fito da shi zai rubuta nau'insa, ya auna tsawonsa daga kan hanci zuwa ƙarshen wutsiya, ya duba jinsinsa. Gane namiji ba wuya: yana da wasu tsoka biyu dogaye kamar yatsu a jikin fukafukan da ke ƙasan ciki kusa da wutsiya, kuma idan sun yi tauri ya balaga. In mace ce aka farke ta, a ƙirga 'ya'yan cikinta. Ƙaramin shak da har yanzu tabon cibiyarsa bai rufe ba, tsakanin fukafukan ƙirji, jariri ne, kuma yawan ganin irinsu daga wuri ɗaya alama ce cewa nan ne mahaifarsu. Idan ba a gane nau'in ba, a ɗauki hoto uku: gefen jiki gaba ɗaya, ƙasan kai inda baki yake, da fiffiken baya na farko.

Bayan haka sai a rubuta wahalar da aka sha kafin a kama: ƙugiya nawa aka jefa, raga mai tsawon mita nawa, awa nawa ta yi a ruwa, a wane wuri. Wannan shi ne abin da aka fi mantawa, kuma ba tare da shi ba sauran ba su da amfani sosai. Tan nawa aka kama ba ya nuna lafiyar kifi, domin ana iya ninka jirage a samu adadin bara alhali kifin ya ragu da rabi. Abin da ake dubawa shi ne nawa kowace ƙugiya 1,000 ke kawowa. Alal misali, idan a da tana kawo 20 yanzu 6 take kawowa a wuri ɗaya da lokaci ɗaya, akwai magana.

Shekarun shak kuma daga gaɓoɓin bayansa ake ganewa: a yanka guda siriri, a ƙirga zobban da ke ciki. A tsofaffin kifaye zobban kan cushe, sai a ba su shekarun da ba su kai nasu ba, wanda ke sa a zaci suna saurin girma fiye da gaskiya. Wasu kuma ana liƙa musu lamba ko na'ura a sake su don a san inda suke zuwa. Duk waɗannan ake zubawa a lissafin kwamfuta, ya fitar da amsar tambaya biyu: iyaye nawa suka rage idan an kwatanta da yadda ya kamata, kuma kamun da ake yi ya wuce abin da haihuwa ke mayarwa ko bai wuce ba. Daga nan masana su ba da adadin tan da za a iya kamawa a shekara, hukuma ta raba wa ƙasashe ko jirage.

Inda ake samun tangarɗa uku ne. Na farko, a tashoshi da yawa ana rubuta "shak" kawai a dunƙule, sai nau'in da ke ƙarewa ya ɓuya a bayan wanda ke da yawa. Na biyu, wanda aka jefar a teku matacce ba ya shiga littafi sai in akwai mai sa ido a jirgin, kuma a jiragen da ke kamu da dogayen igiyoyi masu ƙugiyoyi, masu sa idon ba su da yawa. Na uku ya fi haɗari: kifin da ke taruwa wuri ɗaya yakan ci gaba da cika raga ko da ya kusa ƙarewa, domin jirage masu na'ura suna bin ragowar garken. Haka ta faru da kifin kod a gabashin Kanada, irin wanda ake busarwa a kawo Najeriya da sunan okporoko. Masu ƙananan jirage na bakin gaɓa sun yi ta cewa kifi ya ragu kuma ya ƙanƙance, manyan jirage kuwa suna ta cika. A Yulin 1992 gwamnati ta rufe kamun, mutum kusan 30,000 suka rasa sana'a, kuma ba a sake buɗe shi ba sai 2024. A ganinmu, duk ƙiyasin da bai saurari masuntan bakin gaɓa ba yana da giɓi.

Tambaya: Ina sayar da kako, busasshen shak mai gishiri. An ce duniya ta hana cinikin shak. Sana'ata ta zama laifi ke nan? (Wata 'yar kasuwa daga zangon Takoradi, Ghana)

Amsa: Hajiya, ba haka maganar take ba. A taron CITES, yarjejeniyar cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, da aka yi a Panama a Nuwamban 2022, an sa nau'in shak fiye da 50, har da shuɗin shak da shak masu kai kamar guduma, a jeri na biyu. Wannan jeri ba hani ba ne. Abin da yake nufi shi ne, kafin a fitar da nama ko fiffike ko man hanta zuwa wata ƙasa, sai an sami takardar izini daga hukumar ƙasar da ake fitarwa, ita kuma ba za ta bayar ba sai ta tabbatar an kama shi bisa doka kuma fitarwar ba za ta cutar da nau'in ba. Cinikin cikin gida dokar Ghana ce ke hukunta shi. Amma idan kayanki za su ƙetare iyaka, ko da zuwa Togo ne, ki nemi bayani a hukumar kula da kamun kifi tun kafin ki yi lodi.

Abin da aka fi yi wa doka shi ne yanke fukafukai a teku. Fiffike ya fi nama tsada nesa ba kusa ba, saboda miyar da ake yi da shi a gabashin Asiya, Hong Kong kuma ita ce babbar kasuwarsa. Sai wasu jirage su yanke fukafukan su jefar da kifin, sau da yawa da ransa, don kada gangar jiki ta cinye musu wuri. A 2004 ICCAT ta ce nauyin fukafukan da ke jirgi kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na nauyin gangar jikin da ke ciki. Dokar ta bar ƙofa a buɗe: nau'o'i sun bambanta, salon yanka ya bambanta, kuma mutum na iya haɗa fukafukai masu tsada na wani nau'i da gangar jikin wani. Gyaran da ya fi aiki shi ne a kawo kifin tasha da fukafukansa a jikinsa, kamar yadda Tarayyar Turai ta wajabta a 2013. Hakan kuma yana sauƙaƙa wa mai ɗaukar bayani gane nau'in.

Sai dai wani bincike da aka buga a 2024 ya nuna cewa duk da yawaitar waɗannan dokoki, shak ɗin da ake kashewa ya ƙaru daga miliyan 76 zuwa 80 tsakanin 2012 da 2019. Da aka tilasta kawo gangar jiki, sai kasuwar nama ta buɗe. Dokar fiffike tana hana azabtarwa da almubazzaranci, amma ba ta rage yawan da ake kashewa. Wannan sai an ƙayyade adadi.

A gaɓarku, a garuruwa irin su Shama da Dixcove da Axim, masu kwalekwale da yawa sun koma kamun shak ne bayan sardin ya yi ƙaranci. Abin da ke hannunki a matsayin mai saye: ki guji jarirai da masu kan guduma da kifin nan mai kama da garaya, domin su ne suka fi shiga haɗari.

Tambaya: Ina aiki a jirgin kamun kifi. Ba shak muke nema ba amma yana shiga. Me za mu yi? (Wani ma'aikacin jirgi daga Legas)

Amsa: Ɗan'uwa, ya danganta da kayan aikinku. In doguwar igiya ce mai ƙugiyoyi, guntun da ke riƙe da ƙugiya ya zama na nailan ba waya ba, domin shak yana datse nailan da haƙori ya tafi. Ƙugiya mai lanƙwasa kamar zobe takan kama a gefen baki maimakon a haɗiye ta, sai sakin ya zo da sauƙi. Nutsar da ƙugiyoyi ƙasa da mita 100 yana rage kama nau'o'in da ke yawo a saman ruwa. Kuma a rage awannin da igiya ko raga ke yi a ruwa: shak da yawa sai suna iyo suke numfashi, mai kan guduma ma bai cika daɗewa a ƙugiya ba yake mutuwa.

In jirgin jan ragar jatan lande ne, akwai ƙarfen nan mai sanduna da ake ɗinkawa gaban jakar raga don kunkurun teku ya fita. Yana fitar da manyan shak da danginsu ma. Tazarar sanduna kada ta wuce santimita 10, kuma a jingine shi tsakanin digiri 30 zuwa 55. In ya miƙe da yawa shara ta toshe shi, in ya kwanta da yawa jatan lande ya zube. Zubewar nan ce ke sa wasu su ɗinke ƙofar fita, alhali gyaran kusurwa ake buƙata. Ka kuma tuna dokar Najeriya ta hana jan raga cikin mil biyar na teku daga gaɓa, inda ƙananan kifaye ke girma.

Wajen saki, babba a bar shi a ruwa, a jawo shi gefen jirgi, a yanke igiya dab da ƙugiya da wuƙa mai dogon mariƙi. Kada a bar masa mitoci yana ja. In ya riga ya hau jirgi, kada a ɗaga shi ta wutsiya ko ta kai, kada a soka masa ƙugiyar ɗaukar kaya, kada a sa hannu a tsagar numfashinsa. Ba shi da haƙarƙarin da zai tallafi kayan cikinsa, nauyinsa kaɗai na iya murƙushe su. A rufe masa ido da jiƙaƙƙen tsumma, a ɗora shi a tamfol, mutum biyu ko uku su zura shi ruwa ta kai. In za a jinkirta, a sa masa tiyon ruwan teku a baki. Ka tsaya ta bayan kansa koyaushe, domin wanda ake zaton ya mutu yana iya juyowa. A ƙarshe a rubuta shi a littafin jirgi, da rai aka sake shi ko matacce.

Tambaya: Naman shak halal ne? Kuma mai juna biyu za ta iya ci? (Wata uwa daga Kumasi)

Amsa: Hajiya, a mazhabar Malikiyya abin da ke rayuwa a teku halal ne, kuma aya ta 96 a Suratul Ma'ida tana cikin hujjojin, ƙarin bayani sai wurin malamai. Ta fuskar lafiya kuwa, manyan shak suna tara sinadarin makuri saboda sun daɗe suna cin wasu kifaye, kuma yana cutar da ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta shawarci masu ciki da masu shayarwa da ƙananan yara su guje shi. Dafawa ko gishiri ko shanya ba sa cire makuri. Warin fitsarin da kike ji a naman wani abu ne daban: yuriyar da ke jininsa ce take juyewa idan ba a zubar da jinin an sanyaya shi da wuri ba. Sardin ya fi miki. Maganar cewa guringuntsin shak yana maganin ciwon daji kuma an gwada ta a kan marasa lafiya, ba a ga amfani ba.

Tambaya: To me zai hana a haramta kamun shak baki ɗaya a huta? (Wani masunci daga Argungu)

Amsa: Malam, ga nau'o'in da suka kusa ƙarewa, kamar mai zarto da manyan masu kan guduma, hanin ne daidai. Ƙasashe irin su Palau a 2009 da Bahamas a 2011 sun hana kamun shak na kasuwanci a ruwansu gaba ɗaya, kuma ya dace da su domin masu zuwa kallon shak suna kawo musu kuɗi. Amma hani a takarda ba ya hana shak shiga ragar da aka jefa don wani kifi. Sai a jefar da shi matacce ba a rubuta ba, bayanin ma ya ɓace. Inda kuma mutane ke ci da shi, hanin da bai zo da madadi ba yakan koma cinikin dare.

Akwai wuraren da ƙayyadewa ta yi aiki. A kudancin Ostareliya ana kama wani ƙaramin shak shekara da shekaru ba tare da ya ƙare ba. An ƙayyade tan, an kuma ce idon raga ya tsaya tsakanin santimita 15 da 16.5: ƙanana suna ratsawa su wuce, manyan iyaye mata kansu ba ya shiga, matsakaita kaɗai ake kamawa. Duk da haka wani nau'in mai jinkirin haihuwa da ke shiga ragar ya ragu ƙwarai, har yanzu ana fama da farfaɗo da shi. Amurka ta fara tsarin kamun shak na gaɓar Atilantika a 1993, kuma nau'o'i da dama sun soma dawowa.

Kai ka san asalin dabarar, domin Matan Fada a rufe yake sai ranar gasa, kuma akwai Sarkin Ruwa da ake jin maganarsa. Abin da kimiyya ke ƙarawa shi ne ta nuna wane wuri za a rufe, a wane wata, da idon raga mai faɗin nawa. A gaɓar Afirka ta Yamma aikin gaba shi ne a sa masu ɗaukar bayani a manyan wuraren sauke kifi su riƙa rubuta nau'i-nau'i, a rufe bakin kogunan da aka ga jarirai a watannin haihuwa, a hana manyan jirage shiga ruwan masu kwalekwale. Shak ba ya tsayawa a ruwan ƙasa ɗaya, don haka kwamitin kamun kifi na ƙasashe shida da ke da ofis a Tema, wato Laberiya, Kwaddibuwa, Ghana, Togo, Benin da Najeriya, shi ne wurin da ya kamata a daidaita dokokin, kada a rufe kamu a wata ƙasa jirage su tsallaka maƙwabciya su ci gaba.